Satifiket ko sifana: me karatu ke yi wa yaron Zango?

Ticha Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Ina da magana kuma ina roƙon manya su sa baki. Wani maƙwabcinmu a Sawaba nan Kumasi, Ghana, ɗansa ya gama aji ɗaya a SHS, wato babbar sakandare, yanzu yace cire shi zai yi ya kai shi Magazin, unguwar makanikai ta Suame, wurin masta ya koyi gyaran mota. Dalilinsa wai yayan yaron ya gama jami'a, ya yi sabis na bautar ƙasa, ga digiri a cikin akwati amma pragya, keke mai ƙafa uku na haya, yake tuƙawa tsakanin Aboabo da Asokore Mampong. Na je na same shi a matsayina na malamin sukul, ya bar ni na gama dogon bayanina sannan yace Ticha, karatun da bai ciyar da mai shi ba meye sunansa? To ga tambayar na kawo muku, kowa ya faɗi nashi.

Baban Sadiya: Wa alaikumus salam. Mutumin nan gaskiya ya faɗa, kawai dai gaskiyar ce bata da daɗi. Wai Free SHS, sakandare kyauta, eh ba a biyan kuɗin makaranta amma akwati fa, katifa fa, gari da shito da sukari da ake kai wa yaro duk wata fa, ga kuɗin lesin in sun dawo hutu. Shekara uku kana zubawa, jami'a huɗu kana zubawa, ƙarshe yaro ya dawo ɗakin uwarsa yana tambayarka kuɗin data.

Ustaz: Baban Sadiya a yi hattara. Ba don ciki ake neman ilimi ba. Arziki na Allah ne, Ya riga Ya raba. Ilimi gishirin zaman duniya ne, ana nemansa don mutum ya san Ubangijinsa ya san kansa ya san haƙƙin maƙwabcinsa.

Baban Sadiya: Allah ya gafarta malam, gishiri ba ya cika ciki sai da tuwo 😂

Ɗan Magazin: Ku bari ni da nake cikin abun in yi magana. Tun ina yaro nake Suame. Yaron da aka kawo yau, shekarar farko ba ya taɓa inji, aikinsa wanke noti da fetur a cikin gwangwani, miƙo sifana goma sha biyu, gudu ya sayo wa masta waakye, in ya kawo sifanar da ba ita aka ce ba ya sha ranƙwashi. A hankali hannunsa ya faɗa, kunnensa ya iya jin ciwon inji tun daga nesa, ranar da za a yaye shi a zuba masa hoda a kai a yi walima. Wannan ilimi ne na gaske kuma babu wanda zai raina min shi. AMMA fa ku ji, motocin da ake shigowa da su yanzu ba irin na da bane, sai ka jona na'ura ta karanto maka lambar matsalar a kwamfuta, da Turanci. Ina da mastoci da suka fi ni iya aiki nesa ba kusa ba, yau suna zaune suna kallon ƙananan yara masu laftof na kwashe kwastomomi. Don haka ni in aka kawo min yaron nan cewa zan yi ya koma ya gama sukul tukuna, Magazin ba inda za ta je.

Ticha Aboabo: Masta Allah ya biya ka, ban zata ta nan za ka ɓullo ba.

Hamdiya Tek: Ina gaida iyayena da yayyena. In an yarda ƙarama ta yi magana, ni ina ganin duk kun yarda da abu ɗaya ba tare da kun lura ba, wato cewa sukul na ba da ilimi, gardamar ku kawai ko ilimin na kawo kuɗi. Ni kuma tambayata, yana bayarwa ɗin? Daga JHS, ƙaramar sakandare, har na shigo jami'a abin da aka koya mana shi ne haddace ka zuba. Fasko muke bi, tambayoyin shekarun baya, wasu kuma daren jarrabawa suna ta neman apo, satar tambayoyin jarrabawa, a waya. Na ci A a soshal stadis ban taɓa buɗe kundin tsarin mulkin 1992 ba, ban san aikin asembiliman, wato kansilan unguwarmu, ba sai da na girma. Kuma Ustaz ka yi haƙuri, makarantar allo ma haka ne, na sauke amma ranar da na tambayi ma'anar wata aya dorina na sha wai na cika surutu.

Ustaz: 'Yata, hadda ba laifi bace, da ita aka tsare Alƙur'ani. Yaro sai ya cika ƙirjinsa kafin ya fara tambaya. Amma maganar duka ba zan kare ta ba. Ibn Khaldun tun ƙarni na 14 ya rubuta cewa tsanantawa ɗalibi na cutar da shi, yana kashe masa kuzari ya koya masa ƙarya da ɓoye abin da ke ransa don tsoron bulala. Malamanmu sun san wannan maganar, aiki da ita ne ya gagara, mutum ɗaya da yara tamanin a rumfa ɗaya kuma iyaye basa biyan ko kuɗin Laraba, me zai riƙe in ba dorina ba.

Hamdiya Tek: To ai ka ga, yaron da aka koya wa ɓoye abin da ke ransa tun yana shekara shida, safe a sukul yamma a makarantar allo, shi ne zai girma ya zama mai jefa ƙuri'a. Ta ina zai iya tsayar da ɗan majalisa ya tambaye shi ina kwatar da ka yi alkawari?

Alhaji Baba: Jikata ta taɓo inda yake ciwo. Bari tsoho ya faɗi abin da ya gani, ku yi haƙuri da tsawon rubutu jikana ne ke buga min. Iyayenmu ba jahilai bane da suka ƙi boko. Fatake ne masu lissafi, tun zamanin Salaga suke kai goro Kano su dawo da kaya, suna rubuta wasiƙa da ajami. Alhaji Umaru na Karaci, haifaffen Kano ne, ya zauna Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, ya koma Kete Krachi ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da Hausa, har da waƙa a kan zuwan Nasara da wata a kan talauci da wadata. Wannan ba mutumin da bai san ilimi bane. Abin da iyayenmu suka gani shi ne sukul na hannun mishan, yaro ya tafi yana Musa ya dawo yana Moses, sai suka ce a'a. Ko da Ahmadiyya suka buɗe sakandare a nan Kumasi a 1950 da yawa basu kai 'ya'yansu ba saboda saɓanin aƙida. Sai a 1987 da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, gwamnati ta fara turo malaman Turanci da lissafi cikin makarantunmu, sannan hankalin mutane ya fara kwanciya. Ku lissafa, Achimota an buɗe ta 1927. Tazarar shekara sittin ce tsakaninmu da mutane, ita muke biya har yau. Sun tsare mana addini, Allah ya saka musu, amma lokacin da ake rabon ofisoshi bamu da mai takarda a wurin.

Ticha Aboabo: Baaba Allah ya ƙara lafiya. Kuma tsoron nasu bai mutu gaba ɗaya ba, kowa ya tuna rigimar hana ɗaliba Musulma azumi a makarantar mishan ta Wesley Girls a 2021, iyaye da yawa a nan sun ce kun gani ko, abin da kakanninmu suka guda kenan.

Abu Nima: Gaisuwa daga Accra. Cale ni duk wannan tarihin na yarda amma ku daina zagaye-zagaye, matsalar 'yan siyasa ce. Su suke wasa da karatun yaranmu kamar ƙwallo. Kufuor ya mai da SHS shekara huɗu a 2007, Mills ya hau ya dawo da ita uku, har 2013 aji biyu suka rubuta WASSCE, jarrabawar gama sakandare, tare. Nana Akufo-Addo ya kawo Free SHS 2017 babu isassun azuzuwa, 2018 aka raba yara rukuni biyu masu karɓa-karɓa, ana ce musu kore da ruwan zinariya, wasu na sukul wasu na gida wata da watanni suna zaman bes, majalisar samari, suna shan ataya. Wane ɗan minista ne ya yi wannan karatun? Nasu na Ingila da Amurka ko makarantun kuɗi na East Legon.

Baban Sadiya: Abu ka faɗi gaskiya duka mana. Ni da na yi ƙorafin katifa ni zan faɗa maka, ba don Free SHS ba 'ya'yana biyu da basu ga ƙofar sakandare ba. Da can yaro zai ci BECE, jarrabawar gama JHS, a bashi makaranta uban ya kasa biya shikenan ya tafi. Ku 'yan lema, 'yan jam'iyyar NDC, komai giwa ta NPP ta yi baƙi ne a wurinku.

Abu Nima: Kai kuma ɗazu kace karatun bashi da amfani yanzu kana yabon wanda ya bada shi kyauta, tsaya wuri ɗaya mana 😂 Kuma ni ba ɗan lema bane, na zaɓi wannan na zaɓi wancan duk na ga iyakarsu.

Ticha Aboabo: Dan Allah kar mu mai da shi NDC da NPP, in aka shiga nan ba a fita.

Alhaji Baba: Ticha bar su, ai nan ne maganar take. Ku yara kun san dalilin da ya sa Zango ta daɗe tana bin gefe ɗaya? Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta bada sati biyu duk baƙon da bashi da takarda ya fita. Da idona na ga mutanen da aka haifa a nan, uwayensu ma a nan aka haife su, suna sayar da gida da keken ɗinki a kuɗin banza suna hawa manyan motoci zuwa ƙasar da basu taɓa gani ba. Wannan ciwon shi aka gadar wa jikoki. Amma abin da ba a faɗa muku shi ne ɗaya gefen ma ya taɓa mu. A 1957, shekarar 'yancin kai, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Lardan zuwa Najeriya saboda suna tare da 'yan adawa. Lokacin Musulmi na da jam'iyyarsu, aka yi doka a shekarar aka hana jam'iyyar addini ko ƙabila. Kowane gida ya mare mu sau ɗaya. Wanda ya san wannan ba zai ba kowa ƙuri'arsa gado ba, sai ya yi ciniki.

Hamdiya Tek: Kaka wallahi ban taɓa jin labarin 1957 ɗin nan ba, kuma a Asawase aka haife ni. Shekara goma sha biyu ina sukul babu wanda ya faɗa min tarihin unguwar da nake kwana a ciki.

Mma Asawase: Ina ta karantawa ina jira in ga wanda zai ambaci mata, shiru. Kuna ta yaro yaro, ana cire yaro a kai shi Magazin har ya zama abin muhawara, yarinya nawa aka cire aka ɗora musu tire ko aka aurar ba wanda ya rubuta komai? Ku je kasuwar Kejetia da sassafe ku ga kayayo, yara mata daga arewa da kwano a kai, wata goyo a baya, kaya ya fi ta nauyi, madam na gaba tana danna waya ita tana biye, a bata abin da ba zai sayi koko da ƙosai biyu ba. Su ma 'ya'yan wasu ne kuma akasari Musulmi ne. Sannan maganar siyasa, mu mata mu ake tarawa. Azumi ya zo a kawo buhun shinkafa da sukari da hoton mutum a jiki, kamfen ya zo a raba atamfa da riga, mu yi guɗa mu yi rawa. Ni na karɓa, ba zan yi ƙarya ba, in an kawo gobe ma zan karɓa don kuɗinmu ne. Amma na faɗa wa matan ƙungiyarmu shinkafa daban ƙuri'a daban.

Abu Nima: Mma kin gama magana. Mu kuma maza aikin da aka ware mana shi ne maco, wato 'yan daba. In ana neman mai ƙirji da zai tsare akwati ko ya tarwatsa taro, Zango ake zuwa. In ana neman darakta a ma'aikata ba a san hanyar Nima ba. Sai da aka yi abin kunya na tashin hankali a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a Janairun 2019 sannan aka yi dokar hana ƙungiyoyin 'yan daba na jam'iyyu. An buɗe mana ma'aikatar Zango a 2017, 2021 aka rufe, abin da yaran unguwa za su nuna maka shi ne filin ƙwallo mai ciyawar roba. Ban ce filin bashi da kyau ba, ina buga ƙwallo a kai, amma mu Musulmi kusan kashi 20 cikin ɗari ne na ƙasar nan a ƙidayar 2021, a ce abin da muka iya nema kenan?

Baban Sadiya: To ai an yi mataimakin shugaban ƙasa Musulmi sau biyu, Aliu Mahama shekara takwas, Bawumia shekara takwas. Kuma duk masu karatu ne. Kwatar Aboabo ta daina ambaliya? Shi ya sa nace muku karatu na gyara mai shi ne da gidansa, ba unguwa ba. Duk yaron Zangon da ya yi karatu ya samu aiki abu na farko da yake yi shi ne ya tashi daga Zango.

Ticha Aboabo: Wannan maganar ta ƙarshe ta dame ni don akwai gaskiya a ciki. Amma ni ina ganin laifin irin karatun ne. Nkrumah a littafinsa Consciencism na 1964 yace al'ummar Afirka igiya uku ce a haɗe, gadon gargajiya, na Musulunci, da na Turawa da Kiristanci, kuma in ba a narka su suka zama abu ɗaya ba mutum zai rayu a rabe. Yaronmu haka yake. Da safe a koya masa duniya da Turanci babu Allah a ciki, da yamma a koya masa lahira da Larabci babu kwata da asibiti a ciki, a gida a yi masa faɗa da Hausa, a kasuwa ya yi ciniki da Twi. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya haɗa masa su. To in ya samu digiri sai ya ga Zango a matsayin abin da ya tsere wa, in kuma ya zama malami sai ya ga boko a matsayin abin da ya tsira daga gare shi.

Ustaz: Ticha ban yarda da cewa babu kwata a karatunmu ba. Babin farko na fiƙihu tsarki ne, hukuncin ruwa, wanda ya canza launi ko ɗanɗano ko ƙamshi. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Yana nan a littafi. Sai dai mu masu karantarwa mun tsaya a buta bamu kai shi bakin titi ba, mutum zai yi alwala da kyau ya fito ya zuba shara a kwata a ƙofar masallaci. Kuma ina da tsoro guda game da wannan a bar yaro ya yi tambaya da kuke ta faɗa. Yanzu ai tambayar suke yi, amma wa suke tambaya? Waya. Yaro ya kalli bidiyon minti ɗaya a TikTok ya zo yana kafirta kakansa, wani kuma ya kalli na wani ya zo yana cewa babu Allah. Ibn Khaldun ɗin nan dai shi yace wanda aka rinjaya kullum yana kwaikwayon wanda ya rinjaye shi, a tufafi da ɗabi'a da komai. Ku dubi askin yaranmu.

Hamdiya Tek: Ustaz ai don ba a amsa musu a gida bane suka tafi waya. Wanda bai saba jin hujja ba duk mai ƙarfin murya zai tafi da shi, ko malamin TikTok ne ko ɗan siyasa ko mai cewa ka turo sidi ɗari a momo, asusun kuɗi na waya, gobe ka samu dubu. Mun karanta Aflatun a aji, shi tsoron dimokuraɗiyya yake yi gaba ɗaya, yana ganin jama'a za su bi mai daɗin baki su bar masani, ai a garinsu ƙuri'a aka kaɗa aka yanke wa malaminsa Sukurat hukuncin kisa. Ni ban bi shi har can ba don maganinsa shi ne a bar mulki a hannun 'yan tsiraru, kuma mu a Ghana mun ɗanɗana masu cewa sun fi kowa sani da bindiga a hannu. Amma ciwon da ya gani na gaske ne. Kuma askin yara ba shi ne damuwata ba gaskiya, mai askin banza da ya iya tambayar ina kuɗin asembili suka shiga ya fi min mai hula da ake saya da buhun shinkafa.

Ustaz: Ki bar hula a inda take 'yata 😅 a haɗa biyun ba a hana ba.

Ɗan Magazin: Ni dai abin da na lura a shago, yaron da ke tambaya me ya sa wannan ya lalace shi ke zama masta. Wanda ke jira a ce masa kwance nan ɗaura nan, shekara goma yana nan yana kwancewa. Kuma mu ma dukansu muke yi in sun cika tambaya, yau dai an tona mu duka.

Mma Asawase: To tunda an tona kowa sai a yi wani abu. Ticha da Ustaz ku haɗu ku riƙa zama da yaran unguwa ko sau ɗaya a sati, Alhaji ya zo ya basu wannan tarihin da bakinsa tun yana da ƙarfi, Hamdiya ta zo da ƙawayenta. Amma da sharaɗi, mata a gaba ba a bayan labule ba, kuma ba ranar Asabar ko Lahadi da safe ba don lokacin makarantar allo ne.

Abu Nima: Kuma kar a karɓi ko kujerar roba daga hannun ɗan siyasa, ranar da kuka karɓa ranar za a kawo kyamara.

Baban Sadiya: Ku yi, zan turo nawa. Amma ni har yanzu ba a amsa min ba. Mai digirin nan da ke tuƙa pragya, a ce ya iya tambaya, ya san 1957 ya san 1969 ya san Aflatun, gobe da safe mai pragyar zai zo karɓar balas ɗinsa. Wa zai ɗauke shi aiki? Ticha kai ka kawo maganar, kai nake jira.